Na Canza Tamostat, Amma Zafin Inji Bai Daidaita Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Canza tamostat, wato ƴar ƙofar da ke daidaita zafin ruwan injin mota, ba aiki ne mai wuya ba. Noti biyu ko uku ne, a cire tsohon, a sa sabon, a mayar da ruwa. Rigimar tana zuwa ne bayan an wanke hannu an hau hanya, sai allurar zafi ta fara rawar da ba ta taɓa yi ba. Tambayoyin nan su ne waɗanda masu mota suka fi maimaitawa a irin wannan hali, kuma za ka ga da yawansu wuri ɗaya suke komawa: iskar da ta maƙale a hanyar ruwa.

Na sa sabon tamostat, amma motar ta fi ɗaukar zafi fiye da da. Jabu aka sayar mini?

Zai iya yiwuwa, amma kada ka fara da wannan zargin. Galibi sabon ba shi da laifi.

A cikin tamostat akwai wani ɗan ƙoƙon ƙarfe cike da kaki. Idan ruwan inji ya kai zafin da aka rubuta a jikin tamostat ɗin, yawanci digiri 82, 88 ko 92 a ma'aunin Salshiyas, sai kakin ya narke ya kumbura, ya tura wani ɗan sanda, ƙofa ta buɗe, ruwa ya wuce lagireto ya sha iska. Sharaɗin dai shi ne ƙoƙon nan ya kasance a nutse cikin ruwan. Iska ba ta isar da zafi kamar yadda ruwa ke yi. Mutum zai iya zura hannu cikin tanda mai zafi ya fito da shi lafiya, amma ba zai tsoma yatsa a tafasasshen ruwa ba ko na ƙiftawar ido. To idan iska ta taru daidai bayan tamostat, kan inji yana can yana ƙuna, shi kuwa kakin ɗumi kawai yake ji. Ƙofa ba ta buɗe ba, ruwan da ke cikin inji ya tafasa, allura ta yi sama.

Saboda haka jerin zargin shi ne: iska tukuna, sannan ko an sa shi a juye, sannan a zo kan ingancin kayan.

Ta ina iska ta shiga, alhali na cika ruwa har baki?

Lagireto ka cika, ba inji ba. Lokacin da kake zuba ruwa inji na sanyi, tamostat a rufe yake, ya tare hanya kamar ƙyaure. Ruwa ya cika ɓangaren da ya samu, ya hau har wuyan lagireto, kai kuma ka ga kamar an gama. Amma a cikin kan silinda akwai lunguna, ga tiyo masu lanƙwasa, ga ɗan ƙaramin lagireton hita da ke bayan dashbod, wanda a wasu motocin ya fi bakin da kake zuba ruwan tudu. Duk inda ya fi tudu, nan iska ke gudu ta laɓe.

Ga wata dabara da ba ta cin komai: tari ruwan da ka zubar a cikin roba ka auna shi. Idan lita huɗu ta fita, ka mayar da uku ka ga ya cika, ka san akwai wurin lita guda a ciki da iska ta zauna. Ƙananan motoci da yawa tsakanin lita 5 zuwa 7 suke ci gaba ɗaya, don haka giɓin lita ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Wace alama ce ke nuna iska ce, ba wani abin ba?

Babbar alamar ita ce rashin tsayawa wuri ɗaya. Allura ta hau da sauri, ta kusa ja, sai kwatsam ta faɗo tsakiya, can kuma ta sake hawa. Ƙarfen inji ba ya yin zafi ya huce cikin daƙiƙa goma. Abin da ke faruwa shi ne sansa, wato ɗan ma'aunin da ke nutse a ruwan, yanzu ruwa ya taɓa shi, an jima tururi, an jima iska.

Ta biyu, hita. Kunna ta zuwa ƙarshen zafi. Idan inji ya yi zafi amma iskar da ke fitowa mai sanyi ce a sulo, sai ka taka totur ta ɗumama, ka saki ta koma sanyi, to ruwa ba ya isa lagireton hita sosai. Mutane da yawa ba su taɓa kunna hitar motarsu ba, amma a wannan binciken ita ce mai gaya maka gaskiya kafin kowa.

Sai kuma ƙarar ruwa a bayan dashbod, ƙulu-ƙulu kamar ana tsiyaye kwalba, musamman da safe ko lokacin shan kwana. Wani lokaci robar ajiyar ruwa ta cika ta yi ambaliya. Wani lokaci fankar lagireto ta ƙi tashi a lokacin da ya kamata, kuma wannan shi ne mai haɗarin: sansa da ke zaune cikin iska yana iya nuna zafi ƙasa da na gaskiya, kwamfutar mota ta ɗauka lafiya lau, ta bar fanka a kashe.

To yaya ake fitar da ita?

Da haƙuri, kuma inji na sanyi ake farawa. Kada ka taɓa murfin lagireto inji na da zafi. Ruwan da ke ciki yana matse, zafinsa ya haura digiri 100, da ka sassauta murfin zai tashi ya watso maka a fuska da hannu.

Ajiye motar yadda gabanta zai fi bayanta tudu, ko a kan gangara ko ka ɗaga ta da jak ka tokare da abin da zai riƙe ta. Manufar ita ce bakin zuba ruwa ya zama wuri mafi tudu a duk hanyar ruwan. Buɗe murfi. Juya hita zuwa ƙarshen zafi, fankarta a mafi ƙanƙanta, esi a kashe. A motoci da yawa na zamani ruwa na bi ta hita a kowane lokaci, amma wasu suna da bawul da ke rufe hanyar, kuma ba ka rasa komai idan ka buɗe.

Duba ko injinka na da sukurun fitar da iska. Yakan kasance a kan gidan tamostat, ko a jikin tiyon sama na lagireto, ko a kan tiyon da ke shiga hita. Wasu motocin ba su da shi, wasu na da biyu ko uku. Idan akwai, sassauta shi, ka riƙa zuba ruwa a hankali. Da farko za ka ji huci, sai ruwa mai tartsatsi da kumfa, sai ya koma zuba sumul kamar zare. Nan ne za ka ɗaure shi, kuma da sauƙin hannu, don da yawansu na roba ne, suna karyewa.

A hankali ɗin nan da na ce, da gaske nake. Wanda ya kifa galan a bakin lagireto ruwa na gudu ɓul-ɓul, da hannunsa yake tura iska ciki.

Idan ya cika, kama tiyon sama ka matsa ka saki sau da yawa, haka na ƙasa. Za ka ga kumfa na fitowa, ruwa na sauka. Ƙara. Sai ka tayar da inji ka bar shi a sulo, murfi a buɗe. Akwai wani mazurari da ake sayarwa domin wannan aikin, yana ɗaurewa a wuyan lagireto ba ya yoyo, ka zuba ruwa ya tsaya a cikinsa kamar kashi ɗaya cikin uku. Yana sauƙaƙa aikin ƙwarai, don kana ganin kowace kumfa da idonka, ruwa kuma ba ya malala a kan inji.

Yanzu sai jira. Minti goma, sha biyar, wani injin ashirin. Ruwa zai ɗan taso saboda zafi na sa shi kumbura. Can sai ka ga ya yi ƙasa farat ɗaya, manyan kumfa sun biyo baya. Tamostat ya buɗe ke nan. Cika nan take. Taka totur allurar gudun inji ta kai 2,000 zuwa 2,500 na kamar rabin minti, ka saki, ka maimaita sau uku ko huɗu, don famfon ruwa ya samu ƙarfin koro iskar da ke lungu. Ido ɗaya a kan allurar zafi: idan ta doshi ja, kashe, bari ya huce, a sake. Hannu da hannun riga kuma nesa da fanka, don ta lantarki ba ta sallama kafin ta tashi.

An gama idan fanka ta tashi ta tsaya sau biyu, hita na busa zafi a sulo ba tare da an taka ba, kumfa kuma ta daina. Kashe inji, rufe murfi, cika robar ajiya zuwa layin da aka zana. Washegari da safe, kafin ka tayar, buɗe ka duba. Kusan kullum za ka tarar yana son ƙari kaɗan.

Motar da ba ta da murfi a kan lagireto, sai a kan robar ajiya mai matsi, hanyar ɗaya ce, ta bakin robar ake yin komai.

Sau ɗaya ya isa?

A wasu motocin, i. A wasu sai an yi zafi an huce sau biyu ko uku. Raguwar ruwa kaɗan a roba cikin kwana biyu ko uku na farko ba abin tsoro ba ne, ragowar iska ce ke fita ruwa na maye gurbinta. Idan mako ya zagayo yana ci gaba da raguwa, yoyo ne, ko a waje ko a cikin inji.

Tiyon sama ya yi zafi, na ƙasa sanyi ƙalau. Me ke nan?

Ya danganta da inda tamostat yake, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. A tsarin da aka daɗe da shi, tamostat na zaune a mafitar ruwa, inda tiyon sama ya haɗu da inji. A irin wannan, tiyon sama zai zauna da ɗan ɗumi har sai ƙofa ta buɗe, sannan ya yi zafi lokaci ɗaya. A motocin Japan da yawa, irin su Toyota da Honda, tamostat na mashigar ruwa ne, inda tiyon ƙasa ya haɗu da inji. A nan tiyon sama na iya ɗaukar zafi tun da wuri, na ƙasa ne zai gaya maka ko ƙofa ta buɗe.

Don haka tiyon ƙasa mai sanyi a minti goma na farko daidai ne. Ko bayan buɗewa ma ya kamata ya fi na sama sanyi, aikin lagireto ke nan. Abin damuwa shi ne allura ta wuce tsakiya, na sama ba ya taɓuwa, na ƙasa kuma kamar ba a tayar da mota ba. Ruwa ba ya zagayawa. Ko iska ta hana tamostat buɗewa, ko an sa shi a juye, ko famfon ruwa ba ya turawa.

Yaya ake gane an sa shi a juye? Kuma mene ne amfanin ɗan ramin nan mai ƙarfe na lilo?

Ɓangaren da ke da sifirin da ƙoƙon kaki shi ke kallon cikin inji, inda ruwan zafi yake. Ɓangare mai tsini ko baka shi ke kallon tiyo. A wasu gidajen ba ya ma shiga a juye, a wasu kuwa yana zama daram kamar daidai ne.

Ɗan ramin da ke gefen faifan tamostat, mai wani ɗan ƙarfe da ke kaɗawa a ciki, ƙofar iska ce. Lokacin da kake zuba ruwa, iska na bi ta nan ta fice duk da tamostat a rufe yake. Inji na tashi, matsin ruwa ya tura ɗan ƙarfen ya toshe ramin. Idan tamostat a tsaye yake zama, wato faifansa na kallon gefe, dole ramin ya kasance a sama, wajen ƙarfe 12 na agogo. Wasu gidajen ma suna da ɗan tsagi ko alama da za a daidaita shi da ita.

Na taɓa ɓata yini guda a kan wannan. Na sa tamostat a wani inji da gidansa ke can ƙasa, ba a gani sai da lalube, na ɗaure, na yi ta fitar da iska har sau uku, allura na ta wasa da ni. Da na gaji na sake kwancewa, sai ga ɗan ramin yana kallon ƙasa. Ashe lokacin da nake cusa murfin gidan ne faifan ya juya. Na mayar da shi sama, cikin minti ashirin komai ya zauna. Tun daga ranar nake leƙawa da madubi da tocila kafin in ɗaure noti.

Akwai masu huda ɗan rami da kansu idan tamostat bai zo da shi ba. Yana aiki, amma ramin da ba shi da abin toshewa kullum a buɗe yake, idan ya yi faɗi inji zai daɗe bai ɗumama ba. Gara a nemo wanda aka yi wa motar.

Tun da na canza, allura na tsayawa sama da inda na saba ganinta. Matsala ce?

Sau da yawa wannan albishir ne. Tamostat idan ya tsufa yakan maƙale a buɗe, inji ya yi ta aiki cikin sanyi wata da watanni, ido ya saba da allura a ƙasa. Sabon ya zo ya mayar da ita inda kamfani ya tsara, wajen tsakiya. Idan ta hau ta tsaya cak, ba ta damu da cunkoso ko hawan tudu ba, hita na aiki, ruwa ba ya raguwa, bar ta.

Amma duba lambar da ke jikin tsohon da ta sabon. Wanda ya cire mai 82 ya sa mai 92 ya canza wa injin yanayin aiki da digiri goma.

Ni kuma tawa ta ƙi yin zafi. A babbar hanya ma allura sauka take yi.

Ruwa na wucewa lagireto tun lokaci bai yi ba. Ko robar da ke zagaye da bakin faifan ta goce wajen ɗaurewa, ruwa na bi ta gefe, ko tamostat ɗin bai zauna cikin gurbinsa ba, ko mai ƙaramar lamba aka ba ka, ko kuma a buɗe ya zo. A motocin da ke da kwamfuta fitilar inji kan kama, na'urar bincike ta nuna P0128, ma'ana ruwa bai kai zafin da ake tsammani ba cikin lokacin da aka ɗiba. Taɓa tiyon da ke bayan tamostat minti biyu ko uku da tayarwa. Idan yana ɗumama a hankali tare da inji tun daga farko, ƙofa a buɗe take.

Allura na tsakiya. Ba shi ke nan ba?

Allurar motoci da yawa ta iya kawaici. An tsara ta ta zauna a tsakiya cikin tazara mai faɗi don kada direba ya riƙa firgita, sai zafi ya yi nisa take motsawa. Wasu motocin ma ba su da allurar, sai fitila shuɗiya da ja. Idan kana son lamba ta gaskiya, ɗan abin karantawa da ake soka wa a ramin OBD, wato soket ɗin na'urar bincike da ke ƙarƙashin sitiyari, yana nuna zafin a waya. Injuna da yawa suna aiki tsakanin digiri 85 zuwa 105, fanka na tashi a ɓangaren sama na wannan tazarar. Kalli yadda lambar ke tafiya: ta hau a hankali, ta ɗan sauka lokacin da tamostat ya buɗe, ta riƙa kai da komo cikin 'yan digiri. Tsalle na digiri goma cikin daƙiƙa kaɗan aikin iska ne, ko wayar sansa ta saki.

Na fi awa ɗaya ina yi, kumfa ta ƙi ƙarewa.

Nan ne ya kamata a tsaya a yi magana ta gaskiya. Iskar da ta maƙale tana da iyaka. Tana fitowa manya-manya, jefi-jefi, tana raguwa, ta ƙare. Kumfar da ke zuwa ƙanana a jere, ba fashi, tana ƙaruwa idan an taka totur, wannan ba ragowa ba ce, ana ƙera ta ne. Daga silinda take zuwa, ta tof gaskit (shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin inji) da ya ƙone ko kan silinda da ya tsage ko ya lanƙwashe.

Kuma ka tuna dalilin da ya sa aka canza tamostat tun farko. Idan motar ta tafasa ne kafin a canza, mai yiwuwa zafin nan ya riga ya taɓa gaskit. Ko kuma gaskit ɗin ne ya fara lalacewa, aka ɗora wa tamostat laifi.

Gwajin da za ka iya yi da hannu: da safe inji na sanyi, murfi a rufe, tayar ka kama tiyon sama. Idan cikin minti ɗaya ko biyu ya yi tauri kamar tayar keke alhali ruwa bai ko ɗumama ba, hayaƙin silinda ne ke hura shi. Sauran alamun su ne farin hayaƙi mai kauri da ɗan zaƙin ƙamshi daga salansa bayan inji ya yi zafi, ruwa na ɓacewa ba ɗigo a ƙasa, inji na karkarwa 'yan daƙiƙun farko da safe, ko baƙin mai ya koma kalar madara. Ba lallai su taru duka ba. Gaskit na iya buɗewa tsakanin silinda da hanyar ruwa kawai, mai ya zauna tsaf.

Makanikai na da gwajin da ke raba gardama: wani ruwa shuɗi a cikin bututun gilashi da ake ɗorawa a bakin lagireto, a zuƙo iskar da ke fitowa ta cikinsa. Idan akwai hayaƙin ƙonewa, shuɗin ya koma ruwan ɗorawa a injin fetur, ko kore a na dizal. Kafin ka yarda a buɗe kan inji, nemi a yi wannan a gabanka.

Murfin lagireto na da hannu a ciki?

Sosai, kuma shi aka fi mantawa. Ruwa zalla na tafasa a digiri 100. Haɗin rabi ruwa rabi kulant, wato maganin da ake haɗawa da ruwan lagireto, na kai wa wajen 107. Murfin da ke riƙe matsi, mai lamba 0.9 ko 1.1 a jikinsa, wasu motocin Turai ma fiye da haka, shi ke ɗaga wannan ya wuce 120. Murfi ya saki, ruwa ya fara tafasa a lungunan kan silinda tun allura ba ta nuna komai ba, tururin kuma ya yi duk abin da iska ke yi.

Yana da aiki na biyu. Inji na hucewa, ruwa na tsukewa, wani ɗan bawul a tsakiyar murfin ya buɗe a zuƙo ruwa daga robar ajiya. Idan robar murfin ta tsage, ko siririn tiyon da ke zuwa robar ajiya ya huje, iska za a zuƙo maimakon ruwa. Ka fitar da iska yau, gobe ta dawo. Alamarsa: robar ajiya a cike, lagireto da giɓi. Idan kuma ka ga tiyon sama ya lotse bayan mota ta kwana, bawul ɗin ne ya liƙe.

A cunkoso kawai take zafi. Wani kuma ya ce tasa sai a babbar hanya.

Mai zafi a tsaye ta huce a guje, fanka za a duba: fis, rile, da soket. Sau da yawa soket ɗin da aka zare don a samu hanyar kai hannu ga tamostat ne aka manta ba a mayar ba. Mai zafi a guje ko a hawan tudu ta huce a sulo, ruwa ne ba ya gudu yadda ya isa. Lagireto ya toshe, ko tiyon ƙasa ya yi laushi yana lotsewa idan famfo ya ja da ƙarfi, ko fukafukan famfon ruwa sun cinye. Wasu famfunan fukafukansu na roba ne, sukan tsage su riƙa zamewa a kan sandarsu, daga waje kuwa ba ƙara ba yoyo.

Zan iya gwada tamostat kafin in sa?

Ƙwarai, sai an gwada akan san na ƙwarai. Rataya shi da waya a cikin tukunyar ruwa yadda ba zai taɓa gindinta ba, sa ma'aunin zafi, ɗora a wuta. Ya fara buɗewa kusa da lambar da ke jikinsa, ya gama buɗewa da ƙarin digiri goma zuwa sha biyar. A injunan Toyota da yawa, misali, ana son ya fara tsakanin 80 da 84, ya buɗe kamar milimita 10 a digiri 95. Sauke, ka ga ya koma ya rufe ruf. Jefa tsohon a ciki tare da shi. Idan tsohon ma ya buɗe ya rufe daidai, to tun farko ba shi ne matsalar ba, kuma gara ka sani yanzu.

Me zai hana in cire shi gaba ɗaya in huta? An ce a wuri mai zafi ba a bukatarsa.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Tamostat ba don lokacin sanyi kawai aka yi shi ba, aikinsa riƙe inji a zafin da aka auna komai a kansa. Inji mai sanyi na sa kwamfuta ta ƙara fetur, mai ya daɗe bai saki jiki ba, danshi da ɗanyen fetur su taru a cikinsa, silinda ta riƙa ci da wuri.

Akwai kuma abin da masu cirewa ba sa lura da shi. Tamostat da yawa na da faifai na biyu a gindinsa. Idan babbar ƙofa ta buɗe, wannan faifan na rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya je lagireto ba. Ka cire tamostat, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe har abada, wani kaso na ruwan zafi ya yi ta zagaye a cikin inji. Sai ka ga motar da aka cire wa tamostat don kada ta yi zafi tana tafasa a hawan tudu. Idan cirewar ta sa zafi ya ragu, wata cutar aka rufe, yawanci lagireto ne ya toshe.

Ruwa zalla zan ƙara ko kulant?

A hanya, cikin larura, ruwa mai tsabta ya fi babu. A gida kuwa, irin kulant ɗin da littafin motar ya ce, a haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa idan ba haɗaɗɗe aka saya ba. Kada ka dogara da kala, kamfanoni na rina nau'i dabam-dabam da kala iri ɗaya, kuma haɗa wasu nau'o'in na rage ƙarfin maganin tsatsar da ke ciki. Tsohon da ka tara a roba, rufe shi ka kawar. Yana da zaƙi, guba ne, yara da dabbobi na iya sha.

An ce wasu motocin ba a fitar musu da iska ta wannan hanyar.

Gaskiya ne. Wasu BMW masu famfon ruwa na lantarki suna da tsarin kansu: a kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, hita a ƙarshen zafi, fankarta a ƙasa, a danne totur har ƙasa na daƙiƙa 10, famfo ya yi ta aiki shi kaɗai kimanin minti 12 yana koro iska. Batir na shan wuya a wannan lokacin, shi ya sa ake haɗa masa caja. Motocin da injinsu ke tsakiya ko baya, masu dogayen bututu zuwa lagireto a gaba, da masu hita ta biyu a bayan mota, su ma suna da wuyar sha'ani. Ga irin waɗannan akwai na'urar da ke zuƙe iskar hanyar ruwa gaba ɗaya har tiyo su lotse, sannan a buɗe bawul ruwa ya shige da kansa ya cike ko'ina. Tana kuma tona yoyo: idan allurarta ta ƙi tsayawa bayan an zuƙe, akwai inda ke shan iska.

Ina cikin gwaji a hanya sai allura ta doshi ja. Me zan yi a lokacin?

Kashe esi, buɗe hita da fankarta zuwa ƙarshe, sauke gilasai. Hita ƙaramin lagireto ce, tana janye zafi. Idan allura ta fara sauka, lallaɓa zuwa inda za ka tsaya. Idan hitar sanyi take busawa alhali allura na ja, babu ruwa a sama ke nan, tsaya nan take ka kashe. Kan silinda na alminiyom ba ya jure wannan ko na 'yan mintuna.

Buɗe bonet idan ba tururi ke fita ba, ka ja da baya. Kada ka kwara wa inji ruwan sanyi, kada ka taɓa murfi. Ba shi aƙalla rabin awa, har sai ka iya kama tiyon sama da hannu ka matsa ka ji ya yi laushi. Sannan ka ɗora tsumma mai kauri a kan murfin, ka juya shi zuwa tsayawar farko, ka bari hucin ya gama fita kafin ka cire. Zuba ruwa a hankali, ka ƙirga lita nawa ya sha.